Neman Dinya Mai Jan Ƙirji

1. Dinya da ɗinya

Ku dubi waɗannan kalmomi biyu da kyau: dinya da ɗinya. Ƴar lanƙwasa ɗaya ce ta raba su. Ɗinya itaciya ce mai baƙaƙen ƴaƴa masu zaƙi, waɗanda ake yin maɗi da su. Dinya kuwa tsuntsuwar ruwa ce. Ta yi kama da agwagwa, amma ta fi ta tsawon wuya da tsawon ƙafa. Yaran da ke zaune kusa da kogi ko babban tafki sun san dinyar ƙasar Hausa. Ƙatuwa ce, bayanta baƙi, cikinta fari, kuma tana da wata ƙaya a gaban kowane fiffike.

Dinyoyi iri-iri ne a duniya. Wannan karatu labarin wata ƴar ƙarama ce daga cikinsu, wadda ba ta zuwa ƙasar Hausa. Sunanta dinya mai jan ƙirji. Da Faransanci ana ce mata « bernache à cou roux ». Tsawonta kimanin santimita 55 ne, nauyinta kuma bai cika wuce kilo 1 da rabi ba. Ƙirjinta da wuyanta da kumatunta ja ne kamar jar ƙasa. Bayanta baƙi ne wuluk. Fararen layuka sun raba ja da baƙi, sai ka ce da alli aka zana su. Bakinta ɗan guntu ne.

Wannan dinya ba ta da yawa. A shekarun 2010 masana sun ƙiyasta cewa kimanin dubu 50 ne suka rage a duniya duka. Mutanen birnin Maraɗi kaɗai sun ninka wannan adadi fiye da sau 5. Saboda haka, duk shekara idan sanyi ya kama, akwai mutanen da ke fita nemanta, su gan ta, su ƙidaya ta.

2. Ƙasar alkama da sanyi

Bulgeriya ƙasa ce a kudu maso gabashin Turai. Babban birninta Sofiya. Ta gabas tana bakin wani teku mai suna Bahar Aswad, wato Baƙin Teku. A can kusurwar arewa maso gabas, kusa da iyakar Romaniya, akwai wani shimfiɗaɗɗen yanki da ake kira Dobruja. Gonakin alkama ne iya ganin ido. A bakin tekun akwai tafkuna biyu, Durankulak da Shabla. Tudun yashi ne kawai ya raba su da teku.

Manoman Dobruja suna shuka alkama kafin sanyi ya shigo. Alkamar takan tsiro, ta tsaya gajera, kore shar, har sanyi ya wuce. Sai zafi ya dawo take girma ta yi zangarniya.

Sanyin can ya fi hunturun ƙasar Hausa nesa ba kusa ba. A watan Janairu ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 0. Ruwa yakan daskare ya zama ƙanƙara. Dusar ƙanƙara takan rufe gonaki, su yi fari fat kamar an shimfiɗa auduga. Rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7 da rabi, kuma kafin ƙarfe 5 na yamma ta faɗi.

A wannan lokaci ne dinyoyi ke sauka a Dobruja. Abubuwa uku suke nema: ruwan da za su kwana a kai, ganyen alkamar da za su ci, da zaman lafiya. Suna kwana a tsakiyar tafki domin naman daji ba ya iya zuwa wurinsu. Idan tafkin ya daskare, sai su koma su kwana a kan teku.

3. Fita tun da asuba

Masu neman dinya iri-iri ne. Akwai masana, akwai ƴan makaranta da malamansu, akwai baƙi daga Faransa da Ingila da Jamus da sauran ƙasashe. Akwai kuma ƴan Ƙungiyar Kare Tsuntsaye ta Bulgeriya, wadda aka kafa a shekarar 1988. Kowace tawaga tana da jagora, mutumin da ya san tafkunan da gonakin da hanyoyinsu. Ga yadda fita ɗaya takan kasance.

Tun gari bai waye ba kowa ya tashi. Kowa ya sa riguna uku ko huɗu, da hula mai rufe kunne, da safar hannu, da takalma masu kauri. Ba a sa tufafi masu ƙyalli, domin tsuntsu yana da kaifin ido. An zuba shayi mai zafi a cikin fulas.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai tabarau na hangen nesa, wanda ake riƙewa da hannu biyu. Akwai dogon madubin hangen nesa, wanda ake kafawa a kan ƙafafu uku. Akwai ɗan littafi da fensir. Fensir ya fi bik amfani a nan, domin tawadar bik takan ƙi fita idan sanyi ya yi tsanani.

Mota ta kai su wani tudu a gefen tafki. Sun tsaya cikin duhu, ba mai ɗaga murya. Iska tana busowa daga teku, tana shiga har ƙashi. Ba a ganin komai tukuna, amma ana jin hayaniya daga tsakiyar ruwa, kamar kasuwa daga nesa. Dinyoyi ne suka farka.

Gabas ta fara ja. Sai ga garke na farko ya tashi. Sai na biyu, sai na uku. Kafin a jima sama ta cika da fikafikai da kuka. Wasu sun jeru kamar harafin V, wasu sun yi dogon layi kamar zare. Duka sun nufi gonaki.

4. Yaya ake ƙidaya tsuntsaye masu tashi ?

Ba wanda zai iya ƙidaya tsuntsaye dubbai ɗaya bayan ɗaya suna cikin tashi. Akwai dabara. Mai ƙidaya yakan fara da tsuntsaye 10 na gaban garke. Ya dubi girman wurin da suka cika a sama. Sa'an nan ya riƙa auna sauran garken da wannan ma'auni: 10, 20, 30, har zuwa ƙarshe. Idan garken babba ne ƙwarai, sai ya auna da ɗari-ɗari. Misali, in ya sami ɗari sau 38, ya san dinyoyi kimanin 3800 ne suka wuce.

Mutum ɗaya yana kallo yana faɗi, wani yana rubutawa. Wani lokaci mutum biyu sukan ƙidaya garke ɗaya, kowa shi kaɗai, daga baya su gwada lissafinsu.

Akwai wata doka kuma. A ranar babbar ƙidaya, masu ƙidaya sukan tsaya a tafkuna dabam-dabam a rana ɗaya, da asuba ɗaya. Wasu a Bulgeriya, wasu a Romaniya, wasu can gaba. Don me ? Domin dinya tana iya kwana a wannan tafki yau, gobe ta kwana a wancan. In ba a yi ƙidayar lokaci ɗaya ba, sai a ƙidaya tsuntsuwa ɗaya sau biyu.

Amma yawancin waɗanda suka tashi da asubar nan ba masu jan ƙirji ba ne. Wata iri ce dabam, dinya mai farin goshi. Launinta toka-toka ne, ƙafafunta ruwan lemo, cikinta da baƙaƙen zane. Kukanta kamar dariya yake, shi ya sa da Faransanci ake ce mata « oie rieuse », wato dinya mai dariya. Irinta sun wuce miliyan 2 a duniya. Masu jan ƙirji sukan shiga cikinsu, su tashi tare, su yi kiwo tare. Jagora yakan gane su a sama da ƙanƙantarsu, da saurin fiffikensu, da siririn kukansu mai yankewa. Wanda bai saba ba kuwa, sai an je gona zai gan su da kyau.

5. A gonar alkama

Bayan an sha shayi, sai a bi dinyoyin da mota. Hanyoyin gona ba su da kwalta. Wani lokaci taɓo ya riƙe mota, wani lokaci dusar ƙanƙara ta toshe hanya. Jagora yana tuƙi a hankali, yana duban dama da hagu. Can sai a hango wani baƙin tabo a tsakiyar gona, kamar inuwar gajimare. Garke ne ya sauka.

A nan ne babban aikin yake. Jagora ya tsayar da mota tun da nisa. Ba mai buga ƙofa. Ba mai nuni da hannu a sama. Kowa ya laɓe a bayan mota, aka kafa dogon madubi.

Wata ƴar makaranta ta ce a hankali : « Malam, me ya sa ba za mu matsa kusa ba ? Daga nan ba na ganin komai sai ɗige-ɗige. »

Jagora ya ce : « Yarinya, dubi gefen garken. Kin ga waɗanda suka miƙe wuya ? »

Ta ce : « Na gani, Malam. »

Ya ce : « Masu gadi ke nan. Sauran suna ci, su suna kallonmu. In muka ƙara taku kaɗan, duka za su ɗaga kai. In muka ƙara, duka za su tashi. »

Ta ce : « To, in sun tashi ai sai su sauka a wata gona. »

Ya ce : « Haka ne. Amma tashi yana cin ƙarfi, kuma yinin gajere ne. Ganyen alkama ba ya riƙe ciki, sai sun yini suna ci kafin su ƙoshi. Duk wanda ya kore su, ya rage musu abincin ranar. »

Wannan ita ce dokar farko ta mai kallon tsuntsaye: ya gani ba tare da ya kora ba. Idan garke ya tashi saboda shi, ya yi kuskure, ko da ya sami hoto mai kyau.

Sai aka fara nema. Mai dubawa yakan sa ido a madubi, ya fara daga wannan gefe na garke, ya bi shi sannu a hankali har wancan gefe. In bai samu ba, ya sake dawowa. Dinyoyi suna tafiya suna ci, wata ta rufe wata. Ido yana hawaye saboda iska. Yatsu suna ƙagewa. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse.

Wani abin mamaki shi ne, jan ƙirjin nan ba ya fitowa daga nesa. Sai ya zama kamar baƙi. Saboda haka gwanaye ba ja suke nema ba. Suna neman wata ƴar baƙar tsuntsuwa mai gajeren wuya, mai faffaɗan farin layi a gefen jiki, wadda ke tsattsagar ganye da sauri fiye da maƙwabtanta.

An yi kusan awa ɗaya. Sai yarinyar nan ta ce : « Malam, ga wata ƙarama mai farin layi ! »

Jagora ya duba, ya ce : « Madalla ! Ita ce. Duba bayanta, akwai wasu. »

Daidai lokacin rana ta fito daga cikin gajimare. Dinyar ta juyo, haske ya sauka a ƙirjinta, jan ya bayyana. Kowa ya zo ya sa ido, ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya. Gani ya kori ji.

Aiki bai ƙare ba. Sai an ƙidaya su, an kuma raba manya da ƴaƴan bana. Launin ƴaƴan bai kai na manya haske ba, kuma fararen layukan fiffikensu sun fi yawa. In ƴaƴa suna da yawa a garke, an san ƙyanƙyasar bana ta yi kyau. In ba su da yawa, an san wani abu ya faru a can inda suke yin sheƙa.

Wanda ya yi babbar sa'a yakan ga wata iri ta uku a cikin garken, ƙaramar dinya mai farin goshi, wadda ake ce wa « oie naine ». Ta yi kama da babbar ƙwarai. Abin da ke raba su shi ne ƙanƙanta, da wani siririn zobe rawaya da ya kewaye idonta. Ita ma tana cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu.

Ba kullum ake dacewa ba. Wata rana hazo yakan rufe gonaki. Wata rana a duba garke bayan garke har yamma, ba a ga ko ɗaya ba. Duk da haka mai rubutu yakan rubuta 0 a littafinsa, da sunan wurin, da kwanan wata. Wannan sifiri ma labari ne, domin yana nuna inda tsuntsuwar ta daina zuwa.

6. Maƙwabciyar shaho

Daga ina dinya mai jan ƙirji take zuwa ? Gidanta yana can ƙarshen arewacin Rasha, a Siberiya. Yawancinsu suna yin sheƙa a wani yanki mai suna Taimir, wasu kuma a Gidan da Yamal. Ƙasa ce marar itatuwa, sai gajeren ciyayi da koguna da tafkuna. Ƙarƙashin ƙasar a daskare yake duk shekara. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa ko da tsakar dare.

A watan Yuni ɗin ne dinyoyi ke isa can. Macen takan yi sheƙa a ƙasa, a kan gangaren bakin kogi, ta shimfiɗa lallausan gashin ƙirjinta. Takan saka ƙwai 3 zuwa 8, ta kwanta a kansu kimanin kwana 25.

Sheƙar ƙasa tana da haɗari. Akwai wata irin yanyawa a can, wadda gashinta ke komawa fari a lokacin sanyi. Tana son ƙwai ƙwarai, dinyar kuwa ƙarama ce, ba ta iya korar ta. To, mece ce dabararta ? Sai ta je ta yi sheƙa kusa da sheƙar wani irin shaho mai tsananin gudu, wanda ake ce wa « faucon pèlerin ». Wani lokaci kuma kusa da sheƙar farar mujiya. Shahon ba ya yarda yanyawa ta matso kusa da ƴaƴansa. Da ya hango ta, sai ya faɗo mata daga sama har ta gudu. Yana tsaron gidansa, gidan dinya ya tsira.

Akwai kuma wani ɗan ɓera a wannan ƙasa mai suna lemin. Wata shekara yakan yi yawa, wata shekara ya yi ƙaranci. Shekarar da ya yi yawa, yanyawa takan ƙoshi da shi, ta ƙyale ƙwai. Shekarar da ya yi ƙaranci, ƙwai ne abincinta. Ashe mai ƙidaya ƴaƴan dinya a gonar Bulgeriya yana karanta labarin ɓerayen Siberiya ne.

7. Tafiyar kilomita dubu 6

Zafin Siberiya gajere ne. A watan Satumba sanyi ya dawo, ciyawa ta mutu. Dole dinyoyi su tashi. Iyaye ne ke gaba, ƴaƴa suna biye, da haka ƴaƴan ke koyon hanya. Sukan bi kogin Ob zuwa kudu. Su yada zango a tafkunan arewacin Kazakistan, su ci hatsin da ya zube a gonaki bayan girbi. Daga nan su juya yamma, su bi ta kudancin Rasha da Yukren, har su iso bakin Bahar Aswad. Tafiyar ta kai kimanin kilomita dubu 6. Idan sanyi ya fara sauƙi, wajen watan Maris, sai su kama hanyar komawa.

An san wannan hanya da kyau domin masana sun ɗaura wa wasu dinyoyi wata ƴar na'ura marar nauyi, wadda ke aiko da labarin inda suke.

Da can ba a Bahar Aswad yawancinsu ke cin sanyi ba. Har wajen shekarun 1950 da 1960 suna sauka ne a bakin Tekun Kasbiyan, a ƙasar Azarbaijan. Sai manoman can suka rage shuka hatsi, suka koma auduga da inabi. Dinya ba ta cin auduga. Sai garkunan suka sauya hanya, suka nufi yamma inda alkama take.

Akwai wani tsohon zane a ƙasar Masar, wanda aka samo a wani kabari a Maidum. Ya kai shekara kimanin 4600. Dinyoyi 6 ne a jikinsa, biyu daga cikinsu suna da jan ƙirji da fararen layuka. Masana da yawa suna ganin wannan dinyar ce aka zana. Wasu kuma suna cewa wata ƴar'uwarta ce da ta ƙare tuntuni.

8. Abubuwan da ke damun ta

Na farko shi ne bindiga. Doka ta hana harbin dinya mai jan ƙirji a Bulgeriya da Romaniya. Amma an yarda a yi farautar mai farin goshi a lokacin farauta. Tun da tare suke tashi, kuma da duhun asuba, harsashi ba ya zaɓe. Ko wadda harsashi bai same ta ba, ƙarar bindiga takan hana ta kiwo. A kan hanya ma akwai mafarauta. An taɓa harbe wasu daga cikin waɗanda aka ɗaura wa na'ura.

Na biyu shi ne rigima da manoma. Manomi ya sayi iri, ya sayi taki, ya yi wahala. Da safe ya zo ya tarar da tsuntsaye dubbai a gonarsa. Duk yaron da ya taɓa tsaron gero ko dawa daga jan-baki ya san abin da manomin ke ji. Ba za a ce masa ya yi shiru kawai ba. Shi ya sa aka fito da wani tsari a Bulgeriya, da taimakon Tarayyar Turai: manomin da ya shuka alkama inda dinyoyi ke sauka, ya kuma bar su su ci, ana biyan shi wani kuɗi.

Na uku shi ne gine-gine. An kafa manyan fankoki masu samar da lantarki da ƙarfin iska a gonakin yankin. Lantarki abu ne mai amfani, amma dinyoyi suna gudun kiwo kusa da fankokin, sai wurin kiwonsu ya ragu.

Na huɗu shi ne sauyin yanayi. Yanzu sanyi ba ya tsanani kowace shekara kamar da. A shekarar da bai yi tsanani ba, dinyoyi da yawa sukan tsaya can arewa, ba su iso Durankulak da Shabla ba. Sai masu ƙidaya su bi su zuwa sababbin wurare.

A shekarar 2007 an sa dinya mai jan ƙirji cikin jerin tsuntsayen da ke cikin babban haɗarin ƙarewa. A 2015, bayan ƙidaya ta nuna sun fi yadda aka zata yawa, an mayar da ita mataki ɗaya baya, cikin masu rauni da ke bukatar tsaro. Duka matakan biyu daga ƙidaya suka fito, wato daga littattafan mutanen nan masu tsayuwa cikin sanyi.

9. Komawa tafki

Wajen ƙarfe 4 da rabi haske ya fara raguwa. Tawagar ta koma tudun da ta tsaya da asuba. Garkuna suna dawowa daga gonaki, layi bayan layi. Suna isowa kan tafki sai su karkata fiffike, su zubo ƙasa kamar ganyen da iska ta kaɗo. Suka sha ruwa, suka yi wanka, hayaniya ta lafa.

Da dare, a ɗaki mai ɗumi, jagora ya tattara littattafai. An rubuta wuri, da lokaci, da yanayin sama, da yawan kowace iri, da ƙarar bindiga nawa aka ji. Za a aika da lissafin a haɗa shi da na sauran ƙasashe. Ƙasa ɗaya ba ta iya tsare tsuntsuwar da ke ƙyanƙyasa a Rasha, ta yada zango a Kazakistan, ta ci sanyi a Bulgeriya. Shi ya sa a shekarar 1995 aka ƙulla wata yarjejeniya ta kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da yammacin Asiya. Bulgeriya tana ciki, Nijar ma tana ciki.

10. Baƙin hunturu

Me ya kawo Nijar cikin wannan yarjejeniya, alhali dinya mai jan ƙirji ba ta zuwa ? Domin wasu tsuntsayen suna zuwa. Idan hunturu ya kama, agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa sukan taso daga Turai da Rasha, su ƙetare hamadar Sahara. Suna sauka a kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, da tafkin Cadi, da fadamun Haɗeja da Nguru, da tafkuna irin na Tabalak da Madarunfa. A nan sukan haɗu da dinya da kirinjijiya da zalɓe, ƴan gida.

Tun shekarar 1967 ake yin ƙidayar tsuntsayen ruwa a tsakiyar watan Janairu, kuma yau ƙasashe fiye da 100 suna yin ta. A ƙasashen Sahel ma'aikatan gandun daji da masu taimaka musu ne ke fita. A makon da wasu ke rawar ɗari a bakin Durankulak, wasu suna tsaye cikin ƙurar hunturu a bakin tafkin Cadi, da tabarau iri ɗaya da ɗan littafi iri ɗaya.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin haƙƙin baƙon tsuntsu. Shamuwa takan zo gab da damina, ta yi sheƙa a itacen tsakar gari, ba mai jifan ta. In ta tafi, wasu mutane ne a wata ƙasa mai nisa ke karɓar ta. In su ma sun bar ta lafiya, baɗi sai ta dawo.

Ma'anar kalmomi

dinya : oie
tafki : lac, mare
garke : troupeau, bande
sheƙa : nid
dusar ƙanƙara : neige
tabarau na hangen nesa : jumelles
dogon madubin hangen nesa : longue-vue
ƙidaya : comptage
ƙaura : migration
jagora : guide

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin dinya da ɗinya ?
2. Waɗanne abubuwa uku ne dinyoyi ke nema a Dobruja ?
3. Don me masu ƙidaya ke fita rana ɗaya a tafkuna dabam-dabam ?
4. Me ya sa jagora ya hana a matsa kusa da garke ?
5. Wane amfani dinya ke samu daga zama kusa da shaho ?
6. Me ya sa dinyoyi suka bar bakin Tekun Kasbiyan ?
7. In kai ne manomin alkama, me za ka ce ? In ke ce jagora, wace amsa za ki ba shi ?

Aiki

1. Lissafi : mai ƙidaya ya sami ɗari sau 27 da goma sau 6. Dinyoyi nawa ke nan ? In 85 daga cikinsu masu jan ƙirji ne, nawa ne masu farin goshi ?
2. Ku nemi Rasha da Kazakistan da Bulgeriya a taswirar duniya. Ku bi hanyar dinya da yatsa.
3. Ku je bakin tafki ko fadama tare da malaminku da sassafe. Kada ku ɗauki danƙo. Ku zauna nesa, ku yi shiru. Ku rubuta kwanan wata, da sunan kowane tsuntsu, da yawansa. Wanda ba ku san sunansa ba, ku zana shi, ku tambayi dattawan gari. Bayan wata ɗaya ku koma, ku gwada lissafin biyu.